Tom Kilburn: Injiniyan da ya koya wa kwamfuta riƙon ajiya

Duk ma'aikacin da ya daɗe yana hulɗa da kwamfuta, ko a hedkwatar ma'aikatarsa a Abuja ko a wani ƙaramin ofis a Tudun Wadar Jos, ya san wata lalura da kan kama na'urar a ɓoye. Farkon mako tana aiki garau, tsakiyar mako ta soma jan ƙafa, kafin mako ya ƙare sai an kashe ta an sake kunnawa sannan ta dawo hayyacinta. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke jawo haka shi ne abin da masana ke kira yoyon ƙwaƙwalwa: manhaja ta ari wuri a ƙwaƙwalwar na'ura don gudanar da wani aiki, ta kammala, amma ba ta mayar da wurin ba. A hankali sauran wurin ya yi ta raguwa har ya ƙare ƙaf.

Tushen matsalar wata tambaya ce da ta girmi duk kwamfutocin da ke aiki a yau. Ina na'ura za ta ajiye abin da take aiki a kai, kuma wa zai riƙe lissafin wurin? Wani Baturen Ingila mai suna Tom Kilburn ya shafe shekara 35 a Jami'ar Manchester yana fama da wannan tambaya. Shi ya rubuta jerin umarni na farko da wata kwamfutar lantarki ta adana a ƙwaƙwalwarta sannan ta aiwatar, shi kuma ya jagoranci ayarin da ya ƙirƙiro tsarin rabon ƙwaƙwalwa da kusan kowace kwamfuta da babbar wayar hannu ke bi a yanzu.

Asali da karatu

An haifi Tom Kilburn ranar 11 ga Agusta, 1921, a Dewsbury, wani garin masaƙu a yankin Yorkshire da ke arewacin Ingila. Mahaifinsa, John William Kilburn, akawu ne a wata masaƙar ulu, daga baya ya kai matsayin sakataren kamfani. Tom ya yi karatun sakandare a makarantar Wheelwright da ke garinsu daga 1932 zuwa 1940, inda shugaban makarantar ya lura da kaifin basirarsa a lissafi, ya kuma ƙarfafa masa guiwa ya riƙe wannan fanni.

A 1940 ya samu gurbi a kwalejin Sidney Sussex ta Jami'ar Cambridge don karanta lissafi. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riga ya kankama, gwamnati kuma tana matuƙar buƙatar matasa masu ilimin kimiyya, saboda haka aka taƙaita karatun. Ya kammala a 1942 da sakamako mai daraja ta ɗaya. C. P. Snow, masanin kimiyyar da ke zaɓo wa gwamnati irin waɗannan matasa, shi ya ɗauke shi. Bayan horo na 'yan makonni a fannin lantarki, aka tura shi cibiyar binciken sadarwa ta gwamnati da ke garin Malvern, inda ake ƙera na'urorin hango jiragen abokan gaba.

A can aka sa shi a ƙarƙashin Frederic Calland Williams, ƙwararren injiniya wanda ya girme shi da shekara goma. Aikin rukunin Williams shi ne warware wa sauran rukunoni duk wata matsalar haɗin lantarki da ta gagare su. Williams ya so a ba shi gogaggen injiniya ne, sai ga shi an turo masa matashi mai shekara 21 wanda ya fi sanin alli da allo. Da farko bai yi murna ba. Amma kafin yaƙin ya ƙare, ɗan lissafin ya zama ɗaya daga cikin waɗanda ya fi dogara da su. A tsakiyar yaƙin ne kuma, a 1943, Kilburn ya auri Irene Marsden, suka haifi ɗa namiji ɗaya da 'ya'ya mata biyu.

Wannan zamani yana da tabo a tarihin Filato. A 1942, shekarar da Kilburn ya kama aiki, Japan ta ƙwace Malaya, babbar mai samar da kuza a daular Birtaniya. Sai gwamnatin mulkin mallaka ta juyo kan ma'adinan Jos da Bukuru, ta yi ta ɗibar dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa aikin haƙa na tilas har zuwa 1944. Kuza na cikin kayan da masana'antun yaƙi ba sa iya yi sai da su, ita ce kuma babban sinadarin dalmar da ake liƙe wayoyin na'urorin lantarki.

Kwalbar da cajinta ke tsiyayewa

Da yaƙi ya ƙare, masana a Amurka da Ingila sun riga sun fahimci yadda ya kamata kwamfuta ta kasance. Wajibi ne ta adana umarnin aikinta a wuri ɗaya da lambobin da take sarrafawa, ta yadda za a sauya mata aiki ba tare da an kwance wayoyinta ba. ENIAC ta Amurka tana da sauri ƙwarai, amma sauya mata aiki kan ci kwanaki ana cire wayoyi ana sake jonawa. Abin da ya rage shi ne ƙwaƙwalwa mai sauri, mai arha, wadda za a dogara da ita. Wasu sun karkata ga dogayen bututai cike da zaiba, inda ake mayar da lambobi sauti su yi ta zagayawa. Aibin wannan hanya shi ne sai an jira lambar da ake so ta zagayo.

Williams ya ɗauki wata hanya dabam. Ya san kwalbar allon na'urar hango jirage ciki da waje, irin wadda aka daɗe ana gani a tsofaffin akwatunan talabijin masu ƙeya. Idan ƙwayoyin lantarki suka bugi wani gurbi a fuskar kwalbar, sukan bar ɗan caji a wurin. Idan aka manna farantin ƙarfe a gaban fuskar, ana iya gane ko gurbin na ɗauke da caji ko babu. Wannan ya isa a adana sifili ko ɗaya, wato bit guda, mafi ƙanƙantar ma'aunin bayanai a kwamfuta. Cikas ɗin shi ne cajin ba ya zama. Cikin kusan kashi ɗaya bisa biyar na daƙiƙa ya tsiyaye, abin da aka rubuta ya ɓace.

Maganin da Williams ya samo shi ne kada a jira cajin ya ƙare. Na'urar ta riƙa karanta kowane gurbi tana sake rubuta shi, ba dare ba rana, muddin akwai wuta. Zuwa ƙarshen 1946 ya yi nasarar riƙe bit ɗaya ta wannan hanya. A watan Disambar shekarar ya koma Jami'ar Manchester a matsayin farfesa, ya kuma nemi a ba shi aron Kilburn daga Malvern don su ci gaba da aikin. Cikin 1947 Kilburn ne ya ɗauki mafi yawan nauyin gwaje-gwajen. Ya gwada hanyoyi daban-daban na tsara gurabun, har kafin ƙarshen shekara ya iya adana bit 2,048 a kwalba ɗaya na tsawon sa'o'i. Rahoton da ya rubuta a Disambar 1947 ya yaɗu a Ingila da Amurka, kuma a kan wannan aiki ya samu digirin digirgir a 1948.

Dabarar ba ta tsufa ba. Ƙwaƙwalwar da ke cikin kwamfutoci da wayoyin yau, wadda Robert Dennard na kamfanin IBM ya ƙirƙiro aka kuma yi mata rajista a 1968, ita ma caji take adanawa, cajin kuma tsiyayewa yake yi. Dole a sabunta kowane gurbi aƙalla sau 15 a daƙiƙa guda. Shi ya sa idan wuta ta ɗauke kwatsam, duk abin da ba a adana a faifai ba yakan tafi.

Baby da gwajin 21 ga Yuni

Adana ɗigo-ɗigo a fuskar kwalba abu ne guda, amfani da su cikin saurin kwamfuta kuma wani abu ne dabam. Don tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar za ta jure, Kilburn ya tsara wata ƙaramar kwamfuta ta gwaji, ya kuma haɗa ta tare da Geoff Tootill, wani injiniya da shi ma aka aro daga Malvern. Sun yi amfani da ragowar kayan yaƙi da tsohuwar cibiyarsu ta riƙa ba su. An yi wa na'urar laƙabi da Baby, wato jaririya, duk da cewa tsawonta ya haura mita 5, tsayinta ya wuce mita 2, nauyinta ya kusa tan guda. Tana da kwalaben lantarki 550, tana shan wuta wat 3,500. Ƙwaƙwalwarta layi 32 ce, kowane layi bit 32, jimilla bit 1,024, wanda bai kai saƙon waya guda cikakke ba. Umarni iri bakwai kawai ta sani, kuma a lissafi ɗebewa da juya alamar lamba kaɗai take iyawa.

Kilburn ya rubuta mata jerin umarni 17 don nemo lamba mafi girma da za ta raba wata lamba ba tare da saura ba. Da yake na'urar ba ta iya rabawa, sai ta yi ta ɗebewa har ta kai ga amsa. An sha gwadawa ana samun shirme, a gyara a sake. Ranar 21 ga Yuni, 1948, amsar da ake jira ta bayyana a allo. Ƙaramar lamba aka fara ba ta. Cikin 'yan kwanaki suka gwada ta da 262,144, ta yi aiki na minti 52, ta aiwatar da ayyuka kusan miliyan 3.5, ta fitar da 131,072, wanda shi ne daidai. Sun san amsar tun kafin a fara. Abin da suke son gani shi ne ko ƙwaƙwalwar za ta riƙe amana na kusan sa'a guda ba tare da bit ɗaya ya kauce ba, ta kuma riƙe.

Asalin takardar da Kilburn ya rubuta umarnin a kai ta ɓata. Abin da ya tsira shi ne gyararren kwafi da Tootill ya shigar a littafin aikinsa ranar 18 ga Yuli, 1948. Da wannan littafi masana tarihi suka dogara daga baya wajen sake gano yadda umarnin farko ya kasance.

Daga ɗakin gwaji zuwa kasuwa

A watan Satumban 1948 mujallar kimiyya ta Nature ta buga gajeriyar wasiƙar Williams da Kilburn kan nasarar. A watan Oktoba Sir Ben Lockspeiser, babban masanin kimiyya a ma'aikatar da ke samar wa gwamnati kayan aiki, ya ziyarci jami'ar ya ga na'urar da idonsa. Bai ɓata lokaci ba ya sa aka bai wa kamfanin Ferranti kwangilar ƙera irinta bisa tsarin Williams. Saurin yanke shawarar wannan jami'i na cikin dalilan da suka sa aikin bai tsaya a ɗakin gwaji ba.

An faɗaɗa Baby ta zama Manchester Mark 1, wadda ta fara aiki a Afrilun 1949. A cikinta aka ƙara wata ganga mai juyawa, an shafe jikinta da sinadarin maganaɗisu, don adana bayanan da suka fi ƙarfin kwalabe. Ita ce kakar faifan kwamfuta. A Fabrairun 1951 Ferranti ya kawo wa jami'ar na'urar farko daga masana'antarsa, Ferranti Mark 1, wadda ake lasaftawa a matsayin kwamfutar farko mai aiki iri-iri da aka ƙera don sayarwa. Alan Turing, wanda ya koma Manchester a 1948, shi ya rubuta littafin jagora ga masu rubuta mata umarni. A Amurka ma IBM ya yi amfani da kwalaben Williams a kwamfutarsa samfurin 701.

Daga farkon shekarun 1950 Williams ya mayar da hankalinsa kan wasu fannonin injiniya, jagorancin aikin kwamfuta ya koma hannun Kilburn. A ƙarƙashinsa Richard Grimsdale da Douglas Webb suka haɗa kwamfuta mai amfani da tiransista, wadda ta fara aiki a Nuwamban 1953. A 1954 aka kammala Meg, wadda Ferranti ya mayar da ita Mercury ya sayar. A cikin shekarun nan ne ƙwaƙwalwar zobban maganaɗisu ta maye gurbin kwalabe, domin ta fi su juriya, ba ta kuma buƙatar yawan saiti.

Atlas da rabon shafuka

Duk waɗannan na'urori suna da ciwon kai guda. Ƙwaƙwalwa mai sauri tana da tsada kuma ƙarama ce, ganga tana da faɗi amma tana da nawa. Mai rubuta umarni shi ke da alhakin tsara lokacin da za a ɗauko wani ɓangare daga ganga, da inda za a sauke shi, da abin da za a kawar don a samu wuri. Masanin da ya zo warware matsalar kimiyya sai ya ɓige da aikin ɗan dako tsakanin ganga da ƙwaƙwalwa, kuskure kaɗan kuma ya rushe aikin gaba ɗaya.

A 1956 Kilburn ya soma tsara wata na'ura da burin ta riƙa aiwatar da umarni kusan miliyan guda a daƙiƙa, don yin gogayya da manyan ayyukan da Amurka ta sa a gaba. Daga baya Ferranti ya shigo, aka raɗa mata suna Atlas. Sir John Cockcroft ya ƙaddamar da ita ranar 7 ga Disamba, 1962, kuma tana cikin kwamfutoci mafiya ƙarfi a duniya a lokacin. Uku aka ƙera na wannan samfurin: ta Manchester, da ta Jami'ar Landan, da ta cibiyar bincike da ke Chilton.

Babbar gudummawar Atlas ita ce sauke wa ɗan Adam wancan aikin dako. Ƙwaƙwalwarta mai sauri tana ɗaukar kalma 16,384, gangunanta kuma 98,304. Aka yanka duka zuwa shafuka masu kalma 512 kowane, ke nan shafi 32 ne kawai ke iya zama a ƙwaƙwalwa mai sauri a lokaci guda. Mai rubuta umarni yana aiki kamar yana da fili guda mai faɗin kalma kusan miliyan. Duk lokacin da ya nemi wani adireshi, na'urar takan duba rajista 32 a tare don ganin ko shafin na kusa. Idan babu, sai a dakatar da aikin na ɗan lokaci, a ɗauko shafin daga ganga, a ci gaba, mai aikin bai ma sani ba. Akwai kuma wata 'yar manhaja da ke lura da yadda ake amfani da kowane shafi, ta yi hasashen wanda ba za a nema da wuri ba, a mayar da shi ganga. Kullum ana barin gurbi ɗaya a buɗe don shafin da zai shigo. Kilburn da David Edwards da Michael Lanigan da Frank Sumner sun bayyana tsarin a wata maƙala a 1962.

Wannan hidima tana buƙatar mai kula, shi ne manhajar da aka kira Atlas Supervisor, wadda David Howarth da Bruce Payne suka taka muhimmiyar rawa wajen rubuta ta. Masana da yawa na kallon ta a matsayin babbar manhaja ta farko irin ta zamani, wato kakar su Windows da Linux da Android. Tana karɓar ayyuka da dama a lokaci guda, tana jera su, tana tara abin da zai shiga da abin da zai fita a rumbun wucin gadi. Kowane aiki sai ya bayyana tun farko yawan wuri da lokacin da yake buƙata, ita kuma ta riƙe lissafi. Daga nan rabon ƙwaƙwalwa ya zama aikin hukuma guda mai littafin shige da fice. IBM ya shigar da tsarin cikin manyan kwamfutocinsa samfurin 370 a 1972, Intel kuma ya kawo rabon shafuka cikin kwamfutocin tebur a 1985.

Yoyon da ya biyo baya

Yoyon da Williams da Kilburn suka magance a 1947 na caji ne. Wanda ke addabar injiniyoyin yau na lissafi ne, kuma ya taso ne daga tsarin aro da mayarwa da babbar manhaja ke gudanarwa. Misalinsa kamar ɗakin rajistar ma'aikata ne, inda ake fitar da fayil a sa hannu, amma idan an gama ba a dawo da shi ba. Fayil ɗin bai ƙone ba, ba a sace shi ba, yana nan a wani teburi, sai dai babu wanda zai iya amfani da shi.

Idan ƙaramar manhaja ce ke yoyo, da sauƙi. Da zarar an rufe ta, babbar manhaja takan karɓe duk abin da ta ara. Kafin nan ma tsarin da aka gada daga Atlas yakan rufa mata asiri, domin shafukan da aka daina taɓawa ana tura su faifai. Wannan sauƙi yana da farashi. Ɓarnar takan daɗe a ɓoye, har sai na'ura ta kai matsayin da ta fi ɓata lokaci wajen jigilar shafuka fiye da yin aikin da aka ba ta, yanayin da Peter Denning ya yi wa cikakken bayani a 1968.

Abin ya fi muni idan yoyon yana cikin zuciyar babbar manhajar ne, musamman sashen da ke kula da faifai. Babu wata hukuma a samanta da za ta karɓe abin da ta riƙe, a Linux kuma ba a tura ƙwaƙwalwar wannan zuciya zuwa faifai. Ga shi sashen ajiya ba ya hutawa, duk karatu ko rubutu a faifai sai ya ari ɗan wuri. A ƙaddara cewa kowane rubutu yana salwantar da bayit 100, ana kuma yin rubutu 100 a daƙiƙa. A yini guda an rasa megabayit 864, na'ura mai gigabayit 16 kuma ba za ta cika mako uku ba. Da yayyafi kogi kan cika. Ga manyan kwamfutocin da ke ɗauke da biyan albashi ko bayanan ma'aikata, waɗanda ake so su yi watanni ba a kashe ba, irin wannan ƙaramin kuskure ya isa ya tsayar da aiki a ranar da aka fi buƙatarsa.

Farautar irin wannan aibi aikin bin diddigi ne. Mataki na farko shi ne aunawa a rubuta, kwana da kwanaki, don a ga ko hauhawar tana tsayawa ko ba ta tsayawa. Na biyu shi ne bambance yoyo da ajiyar ganganci, domin sashen faifai da niyya yakan riƙe kwafin bayanai a ƙwaƙwalwa saboda sauri, ya kuma sake su idan an matsa masa. Abin da ya ƙi dawowa bayan an matsa shi ne abin tuhuma. Na uku shi ne gano mai aron. A Windows kowane aro na zuciyar manhaja yana ɗauke da tambari mai harufa huɗu, akwai kuma kayan aiki mai suna PoolMon da ke nuna tambarin da adadinsa ke ta hawa. Linux ma yana da jadawalin da ke nuna yawan kowane irin aro. Tun 2009 yana kuma da kmemleak, wanda Catalin Marinas ya rubuta. Yakan bincike ƙwaƙwalwa ya nemo gurabun da babu sauran mai nuni zuwa gare su, ya faɗi inda aka are su. Dabarar ta samo asali ne daga tsarin kwashe shara da John McCarthy ya wallafa a 1960, sai dai kmemleak ba ya kwashewa, rahoto kawai yake bayarwa.

Sau da yawa laifin yana maƙale ne a hanyar da ba a cika bi ba, kamar lokacin da faifai ya ƙi amsawa, manhaja ta fice da gaggawa ta tsallake layin mayarwa. Wani lokaci kuma ƙidayar masu riƙe da gurbi ce aka ƙara ba a rage ba. Gyaran kan zama layi ɗaya ko biyu bayan makonnin bincike. Kashewa da kunnawa kuwa yana kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma yana share shaidar da mai bincike ke buƙata, shi ya sa ƙwararru kan ɗauki bayanan halin da ƙwaƙwalwa ke ciki kafin su taɓa makunni.

Shekarun ƙarshe

An naɗa Kilburn farfesa a 1960. A 1964 ya kafa sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Manchester, na farko a Birtaniya, wanda ya karɓi ɗaliban digirin farko a 1965. A shekarar ce kuma aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society. Na'urarsa ta ƙarshe ita ce MU5, wadda aka soma tsarawa a 1966 da nufin ta dace da harsunan rubuta manhaja na zamani, kuma kamfanin ICL ya ɗauki da yawa daga dabarunta ya zuba a kwamfutocinsa samfurin 2900. Ya riƙe shugabancin tsangayar kimiyya daga 1970 zuwa 1972, ya samu lambar girma ta CBE a 1973, ya zama mataimakin shugaban jami'a daga 1976 zuwa 1979. Williams, ubangidansa na farko, ya rasu ranar 11 ga Agusta, 1977, ranar da Kilburn ya cika shekara 56.

Mutum ne mara son hayaniya, wanda ya fi sakewa a ɗakin gwaji da cikin iyalinsa. Abin da ya fi ɗauke masa hankali bayan aiki shi ne ƙwallon ƙafa. Masoyin Manchester United ne na gaske, kuma yana filin Wembley a 1968 lokacin da ƙungiyar ta ci kofin Turai, ranar da yake lasaftawa cikin mafiya daɗi a rayuwarsa.

Ya yanke shawarar yin ritaya a 1981 yana da shekara 60, domin ya samu lokacin zama da matarsa bayan shekarun da aiki ya cinye. Irene ta rasu makonni biyu kafin ranar ritayar. Duk da haka bai janye ba, ya ajiye aikin kamar yadda ya tsara, ya koma rayuwa ta kaɗaici.

A 1998, don bikin cika shekara 50 da gwajin farko, wani ayarin injiniyoyi ƙarƙashin Chris Burton ya sake ƙera Baby daga tsofaffin hotuna da littattafan aiki, tare da shawarwarin Kilburn da Tootill, aka ajiye ta a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchester. Kilburn ya halarci bikin yana da shekara 76. Ya rasu ranar 17 ga Janairu, 2001, a wani asibiti da ke yankin Manchester, sakamakon ciwon huhu da ya biyo bayan tiyata, yana da shekara 79. Ginin sashen kimiyyar kwamfuta na jami'ar, a kan titin Oxford, yana ɗauke da sunansa har yau.